Yadda Ake Fafatawa a Makon Tseren Motoci na Juriya: Misalin Awa Shida na Spa-Francorchamps

Tseren motoci na juriya shi ne wanda ake aunawa da sa'o'i maimakon yawan zagaye, inda direbobi biyu ko uku suke karɓa-karɓa a kan mota guda, kuma motar da ta fi kowace cin nisa kafin lokaci ya cika ita ce ta yi nasara. Babbar gasar wannan fanni ita ce Gasar Juriya ta Duniya, wadda aka fi sani da WEC, da aka fara a shekarar 2012 bisa haɗin gwiwar FIA, hukumar ƙoli ta wasannin motoci a duniya, da ƙungiyar ACO ta ƙasar Faransa, wadda take shirya tseren awa 24 na Le Mans tun 1923. Gasar tana kewaya ƙasashe da dama a cikin shekara, kuma kusan kowane zango yana da tsari iri ɗaya na kwana uku ko huɗu, wanda yake farawa da tantance takardu da motoci, ya ƙare da rabon maki. Zangon Spa-Francorchamps, wanda aka saba yi a watan Mayu a tsaunukan Ardennes na ƙasar Beljiyam, ya dace a yi misali da shi, domin filin yana da tsawon kilomita 7.004, yana da hawa da gangara mai yawa, ga kuma yanayin sama da ba ya da tabbas, ta yadda duk wani rauni da ke cikin shirin ƙungiya sai ya fito fili kafin awa shida su cika.

Abu na farko da mai shiga gasar zai fahimta shi ne tsere biyu ake yi a lokaci guda a kan hanya guda. Tun daga 2024 ajin motocin WEC biyu ne. Na sama shi ne Hypercar, wato motocin da aka ƙera musamman don tsere, irin na kamfanonin Toyota da Ferrari da Peugeot da Cadillac, waɗanda nauyinsu ba ya gaza kilo 1030, ƙarfin injinsu yana kusan kilowat 500, kuma akasarinsu suna haɗa injin mai da na lantarki. Na biyu shi ne LMGT3, wato motocin da aka gina a kan samfurin waɗanda ake sayarwa a kasuwa, aka cire musu kayan ƙawa, aka ƙara musu keji na ƙarfe da fiffike. A filin Spa motar Hypercar tana kammala zagaye cikin kusan minti biyu, ta LMGT3 kuma tana bin bayanta da tazarar da ta wuce daƙiƙa goma sha biyar, wanda yake nufin manyan motoci suna cim ma ƙanana bayan 'yan zagaye kaɗan, kuma haka za a ci gaba da yi har ƙarshen tsere.

Shiri yana farawa watanni kafin a isa fili. Dole ne direba ya mallaki lasisin tsere na ƙasa da ƙasa, wanda hukumar wasannin motoci ta ƙasarsa take bayarwa bayan gwajin lafiya, sannan FIA ta ajiye shi a ɗaya daga cikin matakai huɗu gwargwadon shekarunsa da tarihin nasarorinsa: filatinam da zinariya na ƙwararru ne, azurfa na masu tasowa, tagulla kuma na waɗanda tsere ba sana'arsu ba ce, galibi mutanen da suka fara bayan sun haura shekara talatin, kuma sau da yawa su ne suke ɗaukar nauyin kuɗin motar. Wannan rabe-rabe yana da tasiri kai tsaye a kan yadda ake haɗa ƙungiya, domin a ajin LMGT3 doka ta wajabta a sami direban tagulla aƙalla guda ɗaya, da wani na biyu wanda bai wuce matakin azurfa ba. Kafin tafiya, direbobi suna shafe sa'o'i a na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda take nuna filin a kan allo da duk kwanoninsa, suna kuma horar da wuya da kafaɗu da zuciya, saboda nauyin da jiki yake ɗauka a manyan kwanoni da zafin da ke cikin rufaffiyar mota.

Da yake a ranar Asabar aka saba yin tseren Spa, manyan motocin kaya sukan iso tun farkon mako, a shirya gareji, a haɗa kwamfutoci da tankunan zuba mai, sannan a tura motocin tsere wurin binciken ƙwaƙwaf. A nan jami'an FIA da ACO suke ɗora mota a kan sikeli, su auna faɗinta da tsayinta da girman fiffikenta, su duba na'urar kashe gobara da bel mai maɗauri shida, su kuma tabbatar cewa ta dace da takardar amincewa da aka yi wa samfurinta. Kayan direba ma ba sa tsira daga wannan bincike: hular kwano, da rigar da wuta ba ta saurin ci, da 'yar ciki da safa da safar hannu da takalmi, da abin tallafe wuya wanda yake hana kai fizguwa gaba idan an yi karo, kowanne sai an ga tambarin FIA a jikinsa. Akwai kuma tsarin daidaita ƙarfi, wanda a ƙarƙashinsa masu shirya gasa suke ƙayyade wa kowane samfurin mota nauyi da ƙarfin inji da adadin makamashin da za ta kashe tsakanin tsayawa da tsayawa, don kada kamfani ɗaya ya yi wa saura fintinkau saboda yawan kuɗinsa. Ana yawan gunaguni a kan wannan tsari, amma ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta ɓata lokacin makon tsere a kansa, domin alƙaluman sun riga sun fito kuma ba za su sauya ba. Abin da ya fi dacewa ta kula da shi shi ne barin ɗan rara a kan kowane ma'auni. A Spa a 2024 Antonio Fuoco ya fi kowa sauri a zagayen neman gurbin tashi da Ferrari mai lamba 50, amma da aka ɗora motar a kan sikeli aka tarar ta gaza nauyin da aka ƙayyade, aka soke lokacinsa, gurbin farko ya koma hannun Porsche.

Bayan bincike, al'ada ce direbobi da injiniyoyinsu su zaga filin a ƙasa ko a kan keke, suna duba inda aka sake kwalta, da tsayin dakalin gefen kwana, da wuraren da ruwa yake kwanciya. A Spa wannan zagaye yana da muhimmanci na musamman saboda wuri ɗaya. Daga layin farawa hanya tana shiga matsattsiyar kwanar La Source, sai ta gangara sosai zuwa wani kwari inda rafin Eau Rouge yake ratsawa ta ƙarƙashinta. A gindin kwarin ta karkata hagu, nan take ta juya dama tana hawan tudu mai tsayi, sannan ta sake komawa hagu a kan tsaunin da ake kira Raidillon, inda direba ba ya ganin komai a gabansa sai sararin sama har ya haye. A gindin kwarin nauyin mota yana danne ta har ƙasanta ya goge kwalta, a saman tudun kuma sai ta yi sakayau, tayoyi su rage riƙo a daidai lokacin da ake buƙatar juya sitiyari. Wanda ya fito daga nan da cikakken gudu zai ci moriyarsa a dogon miƙaƙƙen layin Kemmel har zuwa kwanar Les Combes, inda aka fi samun damar wuce abokin hamayya. A wannan wuri na Eau Rouge ne Stefan Bellof na Jamus ya rasa ransa a 1985 cikin motar Porsche 956, yayin da yake ƙoƙarin wuce Jacky Ickx, kuma har yau ƙwararru suna gargaɗin sababbin direbobi da kada su nemi shiga gefen wata mota a nan. Haka kuma wajibi ne kowane direba ya halarci taron bayani da daraktan tsere yake gudanarwa, inda ake fayyace iyakokin hanya da ƙa'idojin tutoci da yadda za a tashi.

Atisaye kashi uku ne: biyu na minti 90, ɗaya na minti 60. Wannan lokaci kaɗan ne idan aka raba shi tsakanin direbobi uku, saboda haka kowane fita sai an san dalilinsa. Babban aikin injiniya shi ne saita mota, wato daidaita tsayinta daga ƙasa, da taurin sifirin da shokozoba, da kusurwar tayoyi, da rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. A Spa saitin yana da wuyar sha'ani, domin kashi na farko da na uku na filin suna son motar da iska ba ta riƙe ta, alhali kashin tsakiya, mai manyan kwanoni irin Pouhon, yana son motar da iska take dannewa ƙasa sosai. Kuskuren da ƙungiyoyi marasa ƙwarewa suka fi yi shi ne saita mota yadda za ta yi wa direba mafi gwaninta daɗi. Motar da bayanta yake saurin zamewa tana iya ba ƙwararre ribar ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, amma ta tsorata direban tagulla har ya riƙa asarar daƙiƙa biyu a kowane zagaye na kusan awa biyu. Saboda haka a ajin LMGT3 hikima ita ce a ba direban tagulla kaso mai tsoka na atisaye, a zaunar da shi gaban kwamfuta bayan kowane fita, a ɗora bayanan tuƙinsa a kan na ƙwararren abokinsa, ya ga da idonsa inda yake taka birki da wuri da inda yake jinkirin komawa kan totur.

Batun taya ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanin Michelin ne yake samar da tayoyin Hypercar, Goodyear kuma na LMGT3, kuma an ƙayyade adadin da kowace mota za ta yi amfani da shi. A kakar 2024 motar Hypercar tana da taya 18 kacal na zagayen neman gurbi da tseren awa shida, alhali za ta tsaya shan mai kusan sau biyar ko shida. Lissafin ya nuna dole ne wasu tayoyin su yi zango biyu na tuƙi tsakanin tsayawa da tsayawa, kuma wani lokaci a canza na gefe ɗaya kawai. Tayar tsere ta busasshiyar hanya ba ta da zane, kuma ba ta kama kwalta sai ta yi zafi. Tun daga 2023 aka hana ɗumama tayoyi kafin a ɗaura su, don rage kashe makamashi, abin da ya mayar da zagayen farko bayan fitowa daga gareji ya zama mafi haɗari a cikin tsere. A Spa a 2023, cikin sanyin ƙarshen Afrilu, Brendon Hartley ya buga Toyota a shinge a Raidillon tun bai fara zagayen neman gurbi ba, kuma a ranar tsere Fuoco ya rasa ikon sarrafa Ferrari a gangaren da ke bayan mafitar gareji. Dukansu ƙwararru ne na sahun gaba, wanda yake nuna cewa sanyin taya ba ya duba matakin direba. Ƙa'idar ita ce a taka totur a hankali, a yi amfani da birki don shigar da zafi cikin taya, a kuma haƙura da duk wanda ya wuce a wannan zagaye, domin sauri kan haifi nawa.

Zagayen neman gurbi, wanda ake yi ranar Juma'a, shi ne yake tsara jerin motoci a wurin tashi. Kowane aji yana samun minti 12, sannan goma mafi sauri su wuce zuwa zagaye na biyu na minti 10 da ake kira Hyperpole. A LMGT3 direban tagulla ne yake tuƙa zagayen farko. Wanda ya sami gurbin farko yana da maki ɗaya, amma a tseren awa shida gurbi ba ya da nauyin da yake da shi a gajeren tsere, kuma bai kamata a lalata mota ko a ƙone tayoyin da za a buƙata gobe saboda shi ba.

A daren jajibiri ake zama a tsara dabarar tsere. Kowane direba yana da mafi ƙarancin lokacin da doka ta ce sai ya tuƙa, wanda a LMGT3 ya kai awa ɗaya da minti 45 ga na tagulla da na azurfa, kuma gaza cika shi ko da da minti ɗaya yana jawo hukunci mai tsanani. Yawancin ƙungiyoyi suna fara tsere da direban tagulla don ya sauke nauyinsa tun da wuri, domin idan motar kiyaye haɗari ta fito daga baya za ta haɗe jerin motoci ta share tazarar da aka yi masa, sannan a bar ƙwararre ya rufe. A ajin Hypercar lissafin ya fi karkata ga makamashi, wanda na'urorin da ke jikin sandunan juya taya suke aunawa, kuma ƙetare adadin da aka ƙayyade laifi ne. Direba yana iya tsawaita zangonsa ta hanyar ɗaga ƙafa daga totur kaɗan kafin wurin taka birki, ya bar mota ta gangara da kanta, kuma zagaye ɗaya da aka tsimi a kowane zango yana iya rage tsawon tsayawar ƙarshe ko ya kawar da ita ɗungurungum. Man da dukkan motoci suke sha iri ɗaya ne, na kamfanin TotalEnergies, wanda tun 2022 ake sarrafa shi daga tsirrai, musamman ragowar 'ya'yan inabi.

Ana tashi ne a guje: motoci suna bin motar jagora a sahu biyu, sai an ba da alama sannan kowa ya taka. Daga nan aikin da ya fi cin daƙiƙoƙi shi ne ratsa cunkoso. Nauyin wucewa lafiya yana kan mota mai sauri, ita kuma mai jinkiri abin da ake so daga gare ta shi ne ta tsaya a kan layinta ba tare da sauya ra'ayi a tsakiyar kwana ba, ko da an nuna mata shuɗiyar tuta, wadda take sanar da ita cewa mai sauri yana tafe. Direban Hypercar yana buƙatar ya tuna cewa motocin LMGT3 suna da na'urar hana birki kulle taya, wadda tasa ba ta da ita, don haka suna iya jinkirta taka birki, kuma a ƙananan kwanoni bambancin gudu ba shi da yawa. Gwani yana hango motar da zai cim ma tun daga nesa, ya ɗan sassauta don ya same ta a mafitar kwana maimakon tsakiyarta.

Tsayawa a gareji aiki ne da ake maimaita atisayensa har ya zama jiki. Direba yana shiga layin gareji da gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba, ya sassauta bel ɗin kafaɗa a lokacin da doka ta yarda, ya tsaya daidai kan alamar da mai riƙe da allo ya nuna masa, ya kashe inji. Ana maƙala wa mota wayar da take sauke tartsatsin lantarki zuwa ƙasa, sannan mai zuba mai, sanye da rigar wuta da hular kwano, ya cusa bakin tiyo, wani kuma yana tsaye da tukunyar kashe gobara. A cikin wannan lokaci ne ake canjin direba: mai fita ya cire wayar rediyo da bututun ruwan sha, ya fito da matashin kujerar da aka zuba daidai jikinsa, mai shiga ya jefa nasa ya zauna, a taya shi ɗaure bel. Ba a taɓa taya sai an zare tiyo. Daga nan ake ɗaga mota da jak mai aiki da iska da ke cikin jikinta, makanikai su kwance babban noti guda da ke riƙe da kowace taya, su ɗaura sabuwa, a sauke mota, sannan direba ya tayar da inji da kansa. Saboda aikin mai da na taya ba sa haɗuwa, barin tayoyi su yi zango biyu yana tsimin daƙiƙoƙi masu yawa, kuma sakin mota a gaban wata mai tahowa, ko barin kayan aiki a kan hanya, yana jawo hukuncin da ya fi ribar da aka nema.

Idan haɗari ya auku, daraktan tsere yana da matakai. Tutar rawaya tana hana wucewa a yankin da abin ya faru. Idan ya ayyana rawaya a dukkan fili, yakan ƙirga ta rediyo, kowace mota ta sauko zuwa kilomita 80 a awa, tazarar da ke tsakani ta kasance yadda take. Motar kiyaye haɗari kuwa tana tara kowa a bayanta, jar tuta kuma tana tsayar da tsere baki ɗaya. Waɗannan lokuta suna iya juya sakamako. A 2024 Cadillac ɗin Earl Bamber ta yi mummunan karo da BMW ɗin Sean Gelael a layin Kemmel, aka ɗaga jar tuta don gyaran shinge, sannan alƙalai suka mayar da kusan awa ɗaya da minti 44 da aka rasa. Motocin Ferrari da suke kan gaba ba su riga sun sha mai ba, ita kuwa Porsche mai lamba 12 ta ƙungiyar Jota ta tsaya gab da faruwar abin, kuma da haka Will Stevens da Callum Ilott suka lashe tseren, ƙorafin Ferrari kuma bai karɓu ba. Yanayin sama ma haka yake: saboda tsawon filin, ruwa yana iya sauka a gefe ɗaya ɗaya gefen yana bushe, kuma a tseren 2019 har ƙanƙara ta zuba. A irin wannan hali rahoton direba ta rediyo, gajere kuma bayyananne, ya fi na'urar hasashen yanayi amfani wajen yanke shawarar lokacin ɗaura tayoyin ruwa.

Kammala tsere yana da sharuɗɗa. Sai mota ta ƙetare layin ƙarshe a kan hanya bayan an kaɗa tuta mai zanen baƙi da fari, kuma ta ci aƙalla kashi 70 cikin 100 na nisan da mai nasara ya ci, kafin a sa ta cikin jerin sakamako. A Le Mans a 2016 Toyota mai lamba 5 tana kan gaba saura 'yan mintoci inji ya rage ƙarfi, kuma ko da Kazuki Nakajima ya lallaɓa ta ta kai layi, zagayen ƙarshe ya wuce lokacin da doka ta yarda, aka cire ta daga jeri gaba ɗaya. Bayan tsere ana kai motoci wani killataccen wuri inda ba a yarda kowa ya taɓa su ba sai jami'an bincike sun gama, kuma ƙungiyar da take da ƙorafi tana da minti 30 daga fitowar sakamakon wucin gadi ta shigar da shi a rubuce. Wannan bincike na ƙarshe yana da haƙora: a Silverstone a 2018 an soke nasarar motocin Toyota biyu da suka zo na ɗaya da na biyu saboda matsala a allon ƙasan mota, a Le Mans a 2025 kuma Ferrari mai lamba 50 ta rasa matsayi na huɗu saboda maɗaurin fiffiken baya.

Idan sakamako ya tabbata, na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa maki ɗaya ga na goma, kuma saboda makin kakar gaba ɗaya ake tarawa, matsayi na biyar da mota lafiyayya ya fi ƙoƙarin neman na uku da zai ƙare a shinge. Kafin a loda kaya, injiniyoyi suna zama da direbobi a bi tseren zango-zango, a rubuta lalacewar taya da makamashin da aka kashe da tsawon kowace tsayawa, sannan a kwance motar a duba kowane sashe. A 2024 da 2025 mako biyar ne kawai tsakanin tseren Spa da na awa 24 na Le Mans, inda makin na ɗaya yake ninkawa ya zama 50.